Sanyin Tsohuwar Fijo

Bazara ta sauka da kayanta,
Kwalta na gumi, rana ta take tsakar kanta,
Na shiga Fijon da yayana ya bar mani gadonta,
Na murɗa esi ina jiran rahamarta,
Sai ta huro mani numfashin tanda a fuskata.

Na gangara Ƙofar Ƙaura wurin Sada,
Mai gyaran sanyi, gajere, magana ɗaya yake faɗa,
Ya ɗaga bonet, ya ɗaura agogonsa ya murɗa,
Allura ta kwanta, ya ce, "Malam, ko tusar iska babu a cikinta."

Ya kaɗa ruwan omo a gindin gwangwani,
Ya shafe tiyo ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina gani,
Kumfa ta taso a wata gwiwa, ya nuna mani:
"Ga ɓarawon. In ba a toshe nan ba,
Kwando ka ba ajiyar ruwa, ko me ka ɗura mata."

Tukwane uku ya jawo daga ƙarƙashin benci.
"Farar nan sha biyu ce, da ita aka yaye motarka tun tana ƙuruci,
An hana ta, sun ce rufin sama take ci,
Wadda ta rage a kasuwa rabi iska ce, rabi rantsuwar mai sayar da ita.

"Shuɗiyar, ɗari da talatin da huɗu,
Ita da tsohon man kwamfuresa ba su haɗu,
Sai an wanke hanji, a canza robobi da suka ciwu,
A sa sabon mataci, ka ba ni kwana biyu,
Kuma in ka tsaya a cunkoson kasuwa, sanyinta na yin kasala, kada ka ce ban faɗa maka halinta."

Ta ukun ya rage murya kafin ya taɓa:
"Ƙanwar gas ɗin girki ce, araha, yanzu zan zuba,
Sanyi kamar randa ta kwana a raɓa,
Sai dai ba ta ga maciji da wuta."

Nan na tuna Rabe,
Abokin kujerar gaba, duk Juma'a hanyar Daura mu biyu a jere,
Ashana a aljihu, kara a leɓe,
Shekara talatin ina wa'azi, ya ƙi rabuwa da tabar da ke cin ƙirjinsa da motata.

Gaskiya, farar raina ya so.
Da ita yaya ke rufe gilashi daga Jibiya mu taso,
Mu sauka gwiwa na ciwo don sanyi, yana dariya, hula a karkace.
Sada ya ce, "Ana samu a Maraɗi, amma ba ni rantsuwa a kan abin da ke ciki."
Na yi shiru. Ko an samo, ba ta dawo da mai tuƙin. Na ce a bar ta.

Na nuna shuɗiyar, na ƙirga fansho a tafin hannu,
Tasalla ta ce kuɗin ya isa buhun gero da ragowar manja,
Na ce ai kin san gaskiya, na hau keke kwana biyu ina shan rana da gorinta.

Rana ta uku sanyi ya zo,
Ba ƙanƙara ba, ruwan tulu ne a inuwar zaure.
Sada ya manna takarda a cikin bonet, ya rubuta suna da lamba,
"Don kada wani ya gauraya maka bayan ba ni," in ji shi, yana goge hannu da tsummar rigar da ta mutu tun bara a kafaɗa tata.

Juma'a Rabe ya shigo, ya kara hannu a bakin iska,
Ya taɓe baki: "Bai kai na da ba."
Na ce, "Kai ma haka."
Muka wuce Ƙofar Sauri, ya laluba aljihu,
Ya zaro ashana ya ƙyasta.